Jerin Kalmomin Turanci a Azuzuwan Yola da Jimeta: Sharhi a Kan Furuci da Ma'ana

Daga cikin kayan koyarwa da suka fi yawo a hannun ɗalibai akwai ƙananan littattafan koyon Turanci ta hanyar Hausa, waɗanda ake sayarwa a kasuwa. Tsarinsu kusan ɗaya ne, wato shafi mai gida uku: kalmar Turanci, furucinta da haruffan boko na Hausa, sannan ma'anarta. Ba mu raina amfaninsu, musamman ga manya masu koyo da kansu. Amma idan muka auna su da yanayin Yola da Jimeta, za mu ga an gina su ne a kan zaton cewa kowane ɗalibi da kunnen Bakano ya zo aji.

Wannan zato bai tsaya a nan ba. Yola gari ne da Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma Fulfulde na da tushe mai ƙarfi a cikinsa. Jimeta kuwa, wadda ta bunƙasa a bakin kogin Binuwai, ta tara Fulani da Bachama da Bata da Verre da Chamba da Kilba da Margi da Hausawa. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tasha, amma ga ɗalibai da yawa harshe na biyu ce, wani lokaci ma na uku.

Mu duba sautin p. Daidaitacciyar Hausa ba ta bambanta shi da f, shi ya sa pump ya zama famfo, passenger ya zama fasinja. A matsayin kalmomin aro, waɗannan Hausa ce ingantacciya, ba kuskure ba. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da littafi ya rubuta "fan" a gidan furuci na pan da fan duka biyu. Yaron da ya tashi da Fulfulde ya riga ya mallaki wannan bambanci tun a goye, domin da shi yake raba Pullo da jam'insa Fulɓe. Margi ma yana da p da f, har da v. Ke nan littafin yana cusa wa ɗalibi kuskuren da bai zo da shi daga gida ba, malami kuma ya ɓata makonni yana gyaran abin da kayan koyarwar suka lalata.

A wajen wasula abin ya fi muni, kuma ya shafi kowa. Hausa na da wasula biyar, gajeru da dogaye, da tagwan wasula biyu, ai da au. Turancin Ingila da ake koyarwa yana da kimanin 20. Ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali, saboda haka cat da cut da cart duk sai su fito "kat". Babu dabarar da za ta sa haruffa biyar su ɗauki wannan kaya.

Gidan ma'ana shi ma yana da nasa aibi, wanda ba a cika lura da shi ba. Kalma ɗaya ake ajiyewa gaban kalma ɗaya, kuma sau da yawa ta aro ce, alhali ma'anarta ta sauya bayan ta shigo Hausa. Mashin a bakin mutumin Jimeta babur ne, amma machine ya ƙunshi keken ɗinki da injin niƙa. Kanti ya samo asali daga canteen, sai dai a Hausa shagon sayar da kaya ne, a Turancin yau kuwa wurin cin abinci. Ɗalibin da ya haddace jerin zai fassara jimla da gaba gaɗi, ya kuma faɗi jarrabawa da gaba gaɗi.

Manyan ƙamusoshi sun fi taka-tsantsan. Na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yana rarrabe ma'anonin kalmar Turanci ɗaya bayan ɗaya, yana kuma nuna karin sauti da tsawon wasali a ɓangaren Hausa. Sai dai an tsara shi ne domin mai jin Turanci da ke neman Hausa, ba ɗalibinmu ba. Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, na 1965, shi ne ya fuskanci Bahaushe mai koyo, amma ya girmi kalmomi da dama da yara ke ji a rediyo da wayar hannu.

Shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce a raba aikin gida biyu. A darasin Hausa a koyar da kalmomin aro a matsayin Hausa, tare da bayanin yadda harshen ya sarrafa su, alal misali saka wasali tsakanin baƙaƙe kamar a burodi da bulo. A darasin Turanci kuwa a cire gidan furuci ɗungum, a maye gurbinsa da sauraro da kalmomi masu bambancin sauti ɗaya, kowace a cikin jimla. Cibiyoyin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, su ne suka fi dacewa da shirya taƙaitaccen jagora da zai kwatanta sautukan Fulfulde da Bachama da Margi da na Turanci, domin malami ya fara zangon karatu da tambayar kowane ɗalibi harshen da ake yi a gidansu.