Jinjina Ga Masu Rubuta Manhajar Tayar Da Na'ura

Duk wayar Android da aka kunna a Hashimi ta Suleja sai ta bi matakai kafin fuskarta ta haska. Manhajar da ke cikin guntun na'urar ce ke fara farkawa, ta kira manhajar lodi, ita kuma ta ɗora ƙwayar tsarin, wato Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991. Ƙwayar takan tayar da aiki na farko, init, mai lamba 1. Shi ke kunna ayyukan bayan fage, irin su sauti da haɗin intanet, kuma idan ɗaya ya tsaya, ya sake tayar da shi.

A yawancin kwamfutocin Linux, systemd ne ke wannan aiki. Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar da shi a 2010, kuma yana kunna ayyuka da dama lokaci guda don rage jira. Kamfanin Apple kuwa yana amfani da launchd don wannan aiki tun 2005.

Masanan da ke kula da waɗannan manhajoji sun cancanci jinjina, domin da yawansu a fili suke sakin aikinsu, kowa ya duba ya gyara. Haka nan masu gyaran waya na Suleja, waɗanda ke sake ɗora manhaja idan waya ta maƙale a tambarin kamfani.