Taƙaita kalmomi cikin Ingilishi: sharhi bisa nazarin Zwicky da Pullum

A shekarar 1983, mujallar Language ta Amurka ta buga nazarin da Arnold Zwicky da Geoffrey Pullum suka yi bisa n't na Ingilishi. Ya kamata masu tsara littattafan koyarwa su san abin da suka gano, domin sau da yawa ana jera she's, I've da won't cikin jadawali guda, sai ka ce duka zubar da harafi ne kawai.

Marubutan sun nuna cewa iri biyu ne. 's da 've kalmomi ne da suka raunana, suna jingina ga kalmar da ta gabace su, kusan kowace iri ce. Shi kuwa n't ɗafi ne: ba ya manne wa kowace kalma sai ƴan mataimakan aikatau, wani lokaci har ya sauya tushe, will ta koma won't, shall ta koma shan't. Akwai kuma giɓi cikin jerin: daidaitaccen Ingilishi ba shi da amn't, ko da yake ana jin ta a ƙasar Ayalan.

Waɗannan hujjoji suna da ƙarfi. Sai dai don masana nahawu aka rubuta nazarin, bai taɓo matsalar mai koyo ba. Ɗalibinmu yana iske Ingilishi bayan Faransanci, inda zubar da wasali cikin l'ami wajibi ne. A Ingilishi kuwa galibi zaɓi ne: hira tana son taƙaitawa, takardar hukuma tana guje mata. Akwai ma inda aka hana ta: ana amsawa da Yes, I am, ba a cewa Yes, I'm.

Wanda ya koyi karatu da Hausa yana da wani tarko. A rubutunmu wannan alama hamza ce, kamar cikin sa'a, don haka yana iya tsinke murya a tsakiyar I'm, alhali gaɓa ɗaya ce. Namu taƙaitattun kalmomi, kamar zai daga za ya, ba mu sa musu alama.

Shawararmu ita ce a raba darussan gida biyu. A koyar da won't da can't a matsayin cikakkun kalmomi da ake hardacewa. A koyar da 's da 'd ta kunne, cikin jimla, domin jimla ce kaɗai ke bambanta is da has, ko had da would.