Ƙahon Baden-Powell da Gangar Samariya

Shugabannin ƴan sikawut sukan kare ɗankwalin wuya da gaisuwar yatsu uku da waƙoƙin bakin wuta da hujja guda: gado ne, ba a taɓa shi. Hujjar tana da rauni, domin gadon kansa harhaɗa shi aka yi. A watan Agusta na 1907 Baden-Powell, hafsan sojan Ingila, ya tara yara ashirin a tsibirin Brownsea, yana tashinsu da asuba da ƙahon da ya samo a yaƙin Matabele na 1896. Duwatsun itace da aka fara rataya wa shugabanni a Gilwell a 1919 an danganta su da sarƙar Dinuzulu, sarkin Zulu. Ashe abin da yaron Maradi ke karɓa da sunan al'adar Turawa, wani sashensa ganima ce daga Afirka.

Wannan bai rage darajar sikawut ba, amma ya nuna inda darajar take. Alama tana da amfani ne idan akwai nauyi a bayanta. Abin da littafin Scouting for Boys na 1908 ya kawo mai ɗorewa shi ne ƙaramin rukuni na yara ƙalilan, ɗayansu ke shugabanci, da alkawarin da yaro ke ɗauka a gaban tsaransa.

Ƙasar Hausa ta san wannan tun kafin zuwan Nasara. Samariya tana da sarkin samari da muƙarrabansa, tana kiran gayya a nome gonar gajiyayye, a gyara rijiya, a tarbi baƙo. A Damagaram, wasan kara yana koya wa samari yadda mulki yake ta hanyar kwaikwayon masu riƙe da shi. Ƙungiyar da ke rera waƙoƙin Faransa a zango alhali ba ta san kiɗan gayya ba, ta bar rijiya a gida ta tafi neman ruwa a dawa.

Sai dai samariya ma tana da darasi mai ɗaci. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da ita, ya mai da ita ginshiƙin aikin raya ƙasa. An gina azuzuwa, an dasa itatuwa, amma umurni daga sama yake saukowa, ganga kuwa ta koma ta tarbar manya. Da mulkin soja ya kau bayan babban taron ƙasa na 1991, sai ƙarfinta ya bi shi.

Saboda haka tambayar da ta kamata malamai da ƙungiyoyi su yi wa kowace al'ada, ta Brownsea ce ko ta Damagaram, ita ce: wane aiki take ɗora wa yaro, kuma wa ya zaɓi shugabansa? Wadda ta bar yara su zaɓi nasu, su ɗauki nauyin unguwarsu, ita ta cancanci riƙo. Wadda ta tsaya ga fareti ranar biki, ko da ƙaho ko da ganga, kwalliya ce kawai.