Digiri na Biyu a Fannin Ilmi da Burin Malami: Sharhi a kan Tsarin Zaɓin Kwasa-kwasai

Abin da muke so mu yi sharhi a kansa a wannan takarda shi ne wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a jami'o'in Amurka har ya zama abin talla, watau cewa kamata ya yi a bar malamin makaranta ya tsara digirinsa na biyu a fannin ilmi daidai da burinsa na aiki. Akan ba shi 'yan kwasa-kwasan dole, sa'an nan a shimfiɗa masa waɗansu masu yawa ya zaɓa. Mai son shugabancin makaranta ya bi nan, mai son tsara manhaja ya bi can, mai son koyar da naƙasassu shi ma ga tasa hanyar. Ba mu zo don mu rushe ra'ayin ba. Sai dai muna ganin akwai tambayar da masu yabonsa suke tsallakewa, kuma ta shafe mu, tun da yake mu ma muna ba da wannan digiri a tsangayoyin ilmi na jami'o'inmu.

Zaɓin kwas ba baƙon abu ba ne. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard daga 1869 zuwa 1909, shi ne ya yi fice wajen sakar wa masu neman digiri na farko linzami su ɗauki darasin da suka ga dama. Amma wanda ya gaje shi, Lawrence Lowell, sai ya ja linzamin, ya ce lalle ɗalibi ya zurfafa a fanni guda, ya kuma ɗan taɓa waɗansu, domin an lura da yawa suna tsintar darussa masu sauƙi ne kawai. Haka kuma a 2021 makarantar nazarin ilmi ta wannan jami'a, wadda aka kafa a 1920, ta taƙaita shirye-shiryenta na digiri na biyu daga 13 zuwa 5, ta kuma ɗora wa kowa waɗansu darussa na tushe. Ke nan ko a inda zaɓin ya yi suna, sau biyu ana komawa a yi masa shinge.

Dole mu yarda cewa ra'ayin yana da hujja. Malamin da ya shekara goma yana riƙe da alli ba ɗaya yake da yaron da ya fito daga sakandare ba. Ya san abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya. Kuma ba adalci ba ne a zaunar da malamar aji ɗaya na firamare da malamin kimiyya na babbar sakandare a ɗora musu darussa iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

To, amma mene ne burin? A nan ne gizo yake saƙa. A tsarin aikin koyarwa kamar yadda muka san shi, matakan ci gaba kusan duk waje suke fuskanta. Malami yana ƙaruwa ne idan ya zama mataimakin shugaba, ko shugaba, ko sufeto, ko ya koma ma'aikata, ko kuwa ya sami gurbi a kwalejin horon malamai. Saboda haka idan aka ce masa ya ɗinka digirinsa daidai da burinsa, sau da yawa rigar fita daga aji zai ɗinka. Ba mu ga laifinsa ba, mai iyali ne, kuma ba shi ya gina matakan ba. Amma jami'ar da ta ce tana inganta koyarwa alhali kuwa tana kwashe gwanayen malamai daga gaban yara, ya kamata ta sake duba abin da take faɗa. A duk wannan ciniki tsakanin malami da jami'a, ɗalibin da aka bari a aji ba wanda ya tambayi nasa burin.

Binciken da aka yi a Amurka ya ƙara mana ƙarfin gwiwa a kan wannan suka. Dan Goldhaber da Dominic Brewer sun nuna a 1997 cewa mallakar digiri na biyu, shi kaɗai, bai cika nuna wani bambanci a sakamakon ɗalibai ba, sai fa idan digirin a kan darasin da malamin yake koyarwa ne, musamman lissafi. Irin wannan sakamako yana cikin abubuwan da aka kafa hujja da su lokacin da majalisar Jihar Carolina ta Arewa ta soke ƙarin albashi ga sababbin masu digiri na biyu a 2013. Ba mu goyi bayan wannan hukunci ba, domin an kashe maciji ne tare da ƙona rumbu. Sai dai ya nuna abin da yakan faru idan digiri ya zama takardar ƙarin girma kawai.

Ƙasar Finland ta bi wata hanya dabam. Tun 1979 ta mai da digiri na biyu sharaɗin zama malami, ba tsanin barin aikin ba. Malamin aji yakan zurfafa a fannin ilmi, malamin darasi kuma ya zurfafa a darasinsa ya haɗa da dabarun koyarwa, dukkansu kuma sukan yi gwaji a makarantun da suke ƙarƙashin jami'a, su rubuta kundi. Akwai zaɓi a ciki, amma aji ne alƙiblarsa.

Idan muka dawo gida, namu zaɓin a bakin ƙofa ake yinsa. Mutum ya shiga sashen gudanarwa da tsare-tsare, ko na ba da shawara, ko na manhaja, daga nan kuma sai abin da sashen ya tanada. Mu ɗauki malamar da ba ta son ofis, burinta kawai ta gano dalilin da ya sa yaranta na aji uku ba sa iya haɗa baƙi da wasali su karanta Hausa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, don haka tambayarta ba ƙarama ba ce. Wannan malama tana bukatar ilmin furuci da ƙa'idojin rubutu daga sashen Hausa, da nazarin yadda yaro yake koyon karatu daga tsangayar ilmi. Ko a inda ake da kwas na koyar da harshe, da wuya a bar ta ta tsallaka daga wannan sashe zuwa wancan. Daga ƙarshe sai ta rubuta kundi irin waɗanda muka sha dubawa, an raba takardun tambayoyi, an jera alƙaluma, an ba gwamnati shawara, ba a leƙa ajin mai kundin ko sau ɗaya ba.

Shawararmu ita ce a faɗaɗa zaɓin, amma a ɗaure shi da sharaɗi. Duk kwas ɗin da malami ya zaɓa, ya nuna wa mai duba aikinsa dangantakarsa da darasin da yake koyarwa ko da wata matsala ta makarantarsa. A buɗe masa sassan Hausa da Larabci da lissafi da kimiyya. Kundinsa ya fito daga ajinsa, mai dubawa kuma ya je ya gani da idonsa. Wannan duk majalisun jami'o'inmu suna iya zartarwa. Abin da ba ya hannunmu shi ne matakan albashi, kuma muddin malamin da ya zauna a aji ba zai kai matakin wanda ya koma ofis ba, sashen gudanarwa zai ci gaba da cika. Muna roƙon wannan taro ya sa batun cikin shawarwarin da zai aika wa ma'aikatun ilmi da hukumar rajistar malamai.