Baitocin Plastic People: tawayen da bai ambaci gwamnati ba

Wanda ya bi baitocin da ƙungiyar The Plastic People of the Universe ta rera a Cekoslobakiya a shekarun 1970 yana neman inda ta zagi gwamnati, zai sha wahala. Ba su kama sunan shugaba ba, ba su kira jama'a zanga-zanga ba. Abin da ke ciki shi ne giya, da maƙarƙashiya, da ƙuncin samartaka, da ashar irin ta bakin mashaya.

Milan Hlavsa ne ya kafa ƙungiyar a 1968, jim kaɗan bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga birnin Prague. Sunan daga wata waƙar Frank Zappa suka aro shi, salon kuwa na The Velvet Underground ne ya fara rinjayarsu. A 1970 hukuma ta ƙwace lasisinsu, sai suka koma wasa a ɓoye, a ƙauyuka da wuraren biki. Da farko da Turanci suke waƙa. Bayan zuwan mai busa Vratislav Brabenec suka koma harshen Cek, suka ɗora kiɗa a kan rubutattun waƙoƙin Egon Bondy, waɗanda a lokacin sai a ɓoye ake yaɗa su.

A ƙasar da ake son mawaƙi ya ce "mu", ya yabi ma'aikata da kyakkyawar gobe, Bondy ya ce "ni", kuma wannan "ni" ɗin ba gwarzo ba ne. Mutum ne mai ciwon ciki, mai jin ƙishirwar giya, wanda ba ya kunyar faɗa. Masu tonon ma'anar ɓoye a kowane baiti, suna cewa maƙarƙashiyar nan kinaya ce ga ƙasar da ta toshe, a ganina sun wuce gona da iri. Laifin baitin a fili yake: ya ƙi magana da bakin hukuma. Kiɗan ma haka ya tafi. Jita mai kauri tana nanata abu guda, busa tana kururuwa, murya kamar ana karanta takarda. Ba irin waƙar da taro zai yi wa amshi ba ce, ballantana a yi maci da ita, ko da macin 'yan adawa ne.

Hukuma ta gane haka. A 1976 ta kama su, ta tuhume su da tayar da hankalin jama'a, tana kafa hujja da batsar da ke bakinsu. Aka yanke wa jagoransu Ivan Jirous wata 18, Brabenec wata 8. Shari'ar ce ta haɗa kan marubuta irin su Václav Havel, har suka fitar da takardar neman kare haƙƙin ɗan Adam mai suna Charter 77 a Janairun 1977. Faifan da ƙungiyar ta yi da waƙoƙin Bondy kuwa sai a 1978 ya fito, shi ma a ƙasar waje.