Ƙudan Zuma Ya Iya Ƙirga, Chittka Ya Kawo Shaida

'Yan'uwana masu son ƙudan zuma, da mai amya ɗaya a kan ɗorawa da mai akwatuna jere a gona, ku nemi littafin Lars Chittka mai suna The Mind of a Bee ku karanta. Ya fito a 2022 daga maɗaba'ar Jami'ar Princeton. Marubucin Bajamushe ne, farfesa a Jami'ar Queen Mary ta Landan, ya shafe sama da shekara 30 yana bibiyar wannan 'yar halitta mai himma, mai tsafta, mai tsari, mai zafin rai in an taɓa ta, wadda aka sa wa sura guda sunanta a Alƙur'ani. Littafi ne mai daɗi, mai nauyi, mai sauƙin bi, cike da labaran gwaje-gwaje masu sa mutum ya ajiye shi ya yi ta jinjina kai. Ya burge ni matuƙa.

Inda na fi ƙauna shi ne labarin tantuna. Lokacin Chittka yana ɗalibi a Balin, shi da abokin aikinsa Karl Geiger suka sami wani fili fetal, ba bishiya ba gini, suka kafa tantuna huɗu rawaya, kowanne ya haura mita 3 a tsayi, a jere, tsakanin kowane biyu mita 75. Suka ajiye ruwan sukari tsakanin tanti na uku da na huɗu, suka bar ƙudajen suna zirga-zirga har suka saba. Daga nan sai dabara ta shigo. Suka ƙara yawan tantuna, suka matse su, ta yadda ƙuda zai wuce na uku tun bai kai nisan da ya saba ba. To, nisa zai bi ko ƙirga? Da yawa sun bi nisa, gaskiya ne, amma wani kaso mai tsoka ya sauka da wuri, daidai bayan tanti na uku. Da aka rage tantunan kuma, wasu suka zarce wurin abincin suna neman cikon na uku. Ɗaya, biyu, uku, sauka! An buga sakamakon a 1995. Dubi sauƙin abin, jama'a: yadi, sanduna, sukari da haƙuri, babu wata na'ura mai tsada, amma tambaya ce da aka tsara ta yadda ƙudan ba shi da hanyar ɓoye abin da ke kansa. Irin binciken da nake so ke nan.

Kuma ku tuna da me yake wannan lissafi. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ƙwayoyin jijiyarta ba su cika miliyan ɗaya ba, alhali tamu tana da kusan biliyan 86. A 2008 Marie Dacke da Mandyam Srinivasan suka maimaita abin a Ostireliya cikin wani dogon lungu da aka yi wa alamomi, ƙudaje suka ƙirga har huɗu, ko da an sauya siffar alamomin. Daga huɗu abin ya fara kufce musu.

Na ji daɗi ƙwarai da Chittka ya ba Charles Henry Turner haƙƙinsa, baƙar fatar Amurka da ya yi digirin dakta a Jami'ar Cikago a 1907, ya ƙare yana koyarwa a makarantar sakandare a St. Louis, yana gwaje-gwajensa na hazaƙa a kan tururuwa da ƙudan zuma, duniya ta yi biris da shi. Kowa ya san Karl von Frisch da rawar ƙudan zuma da kyautar Nobel ta 1973. Turner ma ya cancanci a san shi.

Ƙorafina biyu ne. Na farko, batun lamba bai ishe ni ba, an ɗanɗana mini ne kawai aka wuce zuwa wasu abubuwa. Shi ya sa nake ba ku shawara ku haɗa da aikin Scarlett Howard da Adrian Dyer, a lokacin suna Jami'ar RMIT ta Melbon, tare da Aurore Avarguès-Weber ta Tulus a Faransa. A 2018, a mujallar Science, suka nuna yadda suka horar da ƙudaje su riƙa zaɓar katin da ya fi ƙarancin zane: in ka dace ka sha sukari, in ka kuskure ka lashi kwinin mai ɗaci. Rannan sai aka kawo farin kati wayam, ba ɗigo ko ɗaya, irin wanda ba su taɓa gani ba. Suka nufe shi. Wato sun ɗauki babu a matsayin abin da ke ƙasa da ɗaya, sun ba sifili gurbinsa a jerin lambobi! Wani ƙarin armashi, sun fi dacewa in an haɗa sifili da shida a kan in an haɗa shi da ɗaya, kamar yadda ake gani a ƙananan yara da birai. Tabɗi. A 2019 kuma suka koya wa ƙudaje 14 cewa shuɗi na nufin ƙara ɗaya, rawaya na nufin cire ɗaya, suka ba su lambar da ba a horar da su a kai ba, suka ci sama da kashi 60 cikin 100. Wasu masana na cewa wataƙila yawan baƙi ko tsawon gefen zane ƙudan ke bi, ba adadi ba. Muhawara ce mai kyau, a ci gaba da ita, amma ni ina bayan ƙudan zuma ɗari bisa ɗari.

Na san masoya sauran dabbobi za su taso. Za su kawo zakanyoyin Serengeti da Karen McComb ta kunna wa rurin baƙi a lasifika a 1994, suna auna yawansu da na abokan gaba kafin su tunkara. Za su kawo tururuwar hamadar Tunisiya da aka ƙara wa tsawon ƙafa da gashin alade a 2006, ta zarce raminta saboda taku take lissafawa. Za su kawo hankakin Andreas Nieder na Tubingen masu ƙirga. Duk ina yi musu tafi. Amma a auna girman kai da girman aiki, a gaya mini wa ya kamo ƙudan zuma.

Ƙorafi na biyu, littafin da Turanci yake, alhali mutanen da suka fi kowa sanin halin zuma a wurinmu, masu hawa bishiya da dare da hayaƙi a hannu, yawancinsu Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami. Masu fassara, ga aiki. Ku fara da labarin tantunan nan, ni zan sayi kwafin farko.