Waƙoƙi Huɗu da Ma'auninsu

Wanda ya zauna tsakanin Samaru da Sabon Gari kunnensa ba ya yunwa. Jirgin ƙasa ne ya tara Sabon Gari, Jami'ar Ahmadu Bello kuma, tun kafuwarta a 1962, ta tara Samaru, kowane baƙo kuwa da waƙar garinsu ya sauka. Akwai 'yan'uwa a cikin ikkilisiya da suke ganin bai kamata mai bi ya saurari kowace waƙa ba sai ta sujada. Ina girmama tsoronsu, gama waƙa tana shiga zuciya ba tare da sallama ba. Amma ni ma'aunina ɗaya ne: shin waƙar ta faɗi gaskiya game da ɗan Adam? Da shi zan auna waƙoƙi huɗu da nake ƙauna.

Ta farko ita ce Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, wanda jami'ar nan ta Samaru ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999. Kirari ne Shata yake yi wa kansa, kalangai suna tashi, 'yan amshi suna dawowa da layi guda, shi kuwa yana zuba magana kamar ruwan Agusta. Ban san wanda ya kai shi sarrafa Hausa a kan kiɗa ba. Duk da haka ina saurarenta da hattara. Daɗinta daga alfahari yake fitowa, alfahari kuma abinci ne mai zaƙi da ba ya riƙe ciki. Abin da na ɗauka a cikinta shi ne mutum ya san baiwarsa, ya yi aiki da ita ba kasala. Abin da mai bi zai ƙara shi ne tuna Wanda ya ba da baiwar.

Ta biyu, Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos, ta fi kusa da zuciyata. Makaɗan fada sun wasa sarakuna, shi kuwa ya ɗauki kuntigi, ɗan gwangwani mai tsirkiya ɗaya, ya waiwayi yaron da ke ɗaure kaya, yana sa wa taya waigi, yana kwana inda dare ya same shi. Akwai barkwanci a ciki, amma dariyar ba ta hana tausayi. Bayan ka ji ta, da wuya ka sake wuce irin wannan yaro a tashar Sabon Gari kamar ba ka gan shi ba. Mawaƙin ya tashi maraya, ya san yadda ido ke tsallake mutum. Ubangijinmu ma wurin masunta da masu karɓar haraji ya nufa. Waƙar da ta koya mini ganin wanda aka raina ta yi mini rabin wa'azi.

Ta uku ba da Hausa aka rera ta ba. Sweet Mother ce ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976 cikin Turancin buroka, da jita mai tsalle irin ta Kwango. Kalmominta kaɗan ne, tana kuma maimaita kanta har ta so ta gundura. Amma ta tsaya a kan abu guda ba ta kauce ba: wahalar uwa a kan ɗanta, rashin barcinta, da haƙurinta da yunwa. Shi ya sa Ibo da Bayarabe da Bajju da Bahaushe suke iya tashi mata a biki ɗaya. Umarnin girmama iyaye ne ya sami ƙafafun rawa.

Ta huɗu ba ta da sunan mawallafi. Ina nufin waƙoƙin Zumuntar Mata, masu tulu da caki da ganga, mace ɗaya ta bayar, saura su amsa. Tsarin nan na bayarwa da amshi shi ne na Shata, sai dai yabon ya sauya alƙibla. Tun da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, mata da yawa da ba su shiga aji ba ta wannan hanya suka haddace labaransa. A gidan makoki ake gane nauyin waɗannan waƙoƙi: sa'ad da baki ya rasa abin faɗi, su ne suke riƙe gwauruwa.

Nan ne damuwata take. A sujadarmu ta yau fiyano da lasifika sukan danne kalma, har a tashi ba wanda zai iya faɗin abin da aka rera. In makaɗi mai tsirkiya ɗaya ya iya sa mu ga maƙwabcinmu, mu da muke rera wa Mahalicci ba mu da hujjar yin ƙara babu ma'ana. Matasanmu masu tsara waƙa su zauna wurin iyayen nan mata tun suna da rai, su koyi yadda ake sa kiɗa ya yi wa magana hidima.

Ya Ubangiji, ka tsarkake kunnuwanmu, ka sa abin da muke rerawa ya zama abin da muke aikatawa. Amin.